Yadda za ka auna katin Quadro kafin ka saye shi don wasa

Duk mai gyaran kwamfuta a Yamai ya san kayan nan. Manyan injunan ofis na hannu, irin su HP Z440, Dell Precision T5810 da Lenovo ThinkStation, suna shigo mana daga Turai da Amurka bayan kamfanoni sun gama morarsu, kuma kusan kowanne da katin girafik a cikinsa mai suna Quadro, FirePro ko Radeon Pro. An ƙera katunan ne don masu zanen gini da injiniyoyi da masu haɗa bidiyo. Amma matasan da ke zuwa shagona, daga Bukoki har Talaje, ba AutoCAD ne a ransu ba. Wasannin bidiyo suke nema, irin su FC na ƙwallon ƙafa da GTA V. Tambayarsu ɗaya ce: «Malam, wannan zai ja FC? Zai ja GTA V?»

Zai iya ja, wani lokaci ma shi ne ya fi dacewa da aljihunka da irin wutar da kake da ita. Sai dai akwai Quadro da ya ci kuɗinsa, akwai kuma wanda ko kyauta aka ba ka ba zai buɗe wasan ba. Yana yi mini ciwo in ga yaro ya tara kuɗin wata uku ya je ya sayo katin da ya kusan kai shi shekaru, don kawai an ce masa na ƙwararru ne. Ga yadda nake rarrabe su.

Fara da harafin da ke gaban lamba

Kada lambar ta ruɗe ka. Akwai Quadro 4000, akwai K4000, M4000, P4000, RTX 4000 da RTX A4000. Duk 4000 ne, amma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai shekara 11. Harafin ne ke faɗa maka zamanin kati. Wanda ba shi da harafi na 2010 ne, ka bar shi inda ka gan shi. K na nufin Kepler, wajen 2013. M na nufin Maxwell, P kuma Pascal, wanda ƙanana da matsakaitansa suka fito a 2017. Daga nan sai Turing, da ake rubuta wa T ko RTX, sannan A na Ampere. Tun 2020 Nvidia ta daina sa sunan Quadro a sabbin katunanta na aiki, shi ya sa za ka ga RTX A2000 kawai. A wajen AMD, FirePro shi ne tsohon suna, Radeon Pro WX ya gaje shi a 2016.

Ni dai ba na ba kowa shawarar sayen kati mai K don wasa. Nvidia, kamfanin da ke ƙera Quadro, ta daina yi wa Kepler sabbin direbobin wasa, wato manhajar da ke tafiyar da kati, tun 2021. Abin da ya fi wannan muni shi ne matakin DirectX 12, tsarin da wasa ke bi ya yi magana da kati, da katin yake ɗauka ya tsaya a 11_0, alhali wasanni da yawa na yanzu 12_0 suke nema. Irin wannan wasa ba ja da ƙyar zai yi ba, ƙin tashi zai yi gaba ɗaya. K620 da K2200 sun ɗan bambanta, domin duk da K ɗin, zuciyarsu, wato guntun da ke yin lissafin hoto, ta Maxwell ce ta farko, amma su ma a 11_0 suka tsaya. In PES 2021 da GTA V na asali ne iyakar burinka, K2200 zai yi. In ka san gobe za ka nemi sabon FC, ka wuce shi.

Katunan M da P su ma sun fara tsufa a wajen direba: Nvidia ta sanar cewa daga Oktoban 2025 gyaran tsaro kawai za su riƙa samu. Suna aiki lafiya, amma ka sa wannan cikin lissafinka lokacin ciniki.

Abu biyu kuma ka guje su baki ɗaya. Katunan NVS, irin su 310 da 510, don haska allon ofis kawai aka yi su. Katunan Tesla kuwa, irin K80 da M40 da P40, za ka ga an rubuta musu 24 GB kuma da araha, sai ka ɗauka ka tsinci dami a kala. Juya bayansu: babu ramin da za ka sa wayar allo, babu fanka. Na manyan injunan sabar ne.

Nemo masa tagwayensa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne amfani. Nvidia da AMD ba sa ƙera zuciya daban don katin aiki. Zuciyar da ke cikin katin wasa ita ce dai suke ɗauka, su rage mata gudu don ta rage cin wuta, wani lokaci su ƙara memori, su yi mata direban da aka gwada da manhajojin injiniyoyi, sannan su ninka farashi. Kuɗin wancan gwaji da garanti kamfanoni ke biya. Kai mai wasa babu ruwanka da su. Saboda haka, da zarar ka san katin wasan da ya yi tarayya da shi a zuciya, ka san kusan iyakar ƙarfinsa.

K2200 yana da ƙwayoyin lissafi 640 a kan zuciyar GM107, daidai da GTX 750 Ti. M2000 yana da 768 kamar GTX 950. M4000 yana da 1664 kamar GTX 970, amma a hankali yake gudu, don haka bai kai shi ba a wasa duk da memorinsa 8 GB. P1000 yana da 640, ɗan'uwan GTX 1050 ne. P2000 yana da 1024 da memori 5 GB, ya fi GTX 1050 Ti mai 768, bai kai GTX 1060 mai 1280 ba. P4000 yana da 1792 da 8 GB, yana bin bayan GTX 1070 mai 1920. T1000 yana da 896 kamar GTX 1650. RTX A2000 yana da 3328, kusa da RTX 3060 mai 3584 a takarda, amma da yake an ɗaure shi a wat 70, a wasa ya fi kusa da RTX 3050. RTX A4000 yana da 6144 kamar RTX 3070 Ti, da memori 16 GB, amma wat 140 yake ci maimakon 290, don haka ka sa shi tsakanin 3060 Ti da 3070.

A ɓangaren AMD, WX 4100 ɗan'uwan RX 560 ne, WX 7100 kuma yana da 2304 kamar RX 480 da RX 580.

Ka'idar da nake bi ita ce katin aiki yakan zo ƙasa da tagwayensa, kaɗan ko da yawa, gwargwadon yadda aka matse masa wuta. Ka tuna kuma yawan ƙwayoyi na zamani daban ba a gwada su kai tsaye: 768 na K4000 ba su kai 640 na P1000 ba. In katin da ke hannunka ba ya cikin waɗanda na ambata, shafin TechPowerUp yana da rumbun bayanan katuna. Rubuta sunan, ka duba zuciyar, ka ga katunan wasan da ke amfani da ita.

Da ka samu tagwayen, sai ka duba abin da wasanka ke nema. FC 24, misali, mafi ƙarancin abin da ya nema shi ne GTX 1050 Ti mai 4 GB ko RX 570, ya kuma fi son GTX 1660. Nan take ka gane P2000 ya haye, P1000 yana bakin layi, P400 da P620 masu 2 GB ba sa cikin magana.

Mai sayarwa zai fara maka da yawan GB, domin ita ce lambar da kowa ya sani. Girman rumbu daban, faɗin ƙofarsa daban: ban da yawan memori, ka duba saurin da bayanai ke wucewa ta cikinsa. K620 yana da 2 GB na DDR3 da ke wuce da kusan GB 29 a daƙiƙa, P1000 kusan 82, P2000 kuma 140, GTX 1060 mai 6 GB yana kai 192. Don wasa a 1080p, 4 GB ne mafi ƙaranci a yau, 6 zuwa 8 ya fi kwanciyar hankali. Abin da ya wuce haka a kan zuciya mai rauni ba zai ƙara maka hoto ko ɗaya ba.

Buɗe kwamfutarka tukuna

Nan ne katin aiki ke cin nasara, kuma nan ne yawancin bidiyoyin gwaji na ƙasashen waje ba sa magana da mu, domin masu yin su ba sa tunanin wuta ko zafi irin namu.

Gurbin PCIe da ake soka kati yana ba da wuta har wat 75. Katin da ya fi haka cin wuta yana buƙatar ƙarin waya daga alimantasiyo, akwatin da ke raba wa inji wuta, mai baki 6 da ke ƙara wat 75, ko mai baki 8 da ke ƙara 150. Yawancin kwamfutocin ofis da ake samu a kasuwa, irin su OptiPlex da EliteDesk, ba su da wannan waya. Alimantasiyonsu ƙarami ne, sau da yawa bai wuce wat 240 ba, kuma mahaɗinsa na kamfanin ne kaɗai, ba ka iya cire shi ka sa na kasuwa kai tsaye. In irin wannan inji ne da kai, GTX 1060 mai wat 120 da RX 580 mai wat 185 sun fita daga lissafi tun kafin a yi ciniki. P2000 kuwa wat 75 yake ci, ba ya neman waya, gurbi ɗaya yake cika. Wannan kaɗai ya sa nake ganin girmansa.

In gidan kwamfutar siriri ne, sai gajeren kati. P1000, T600, T1000, WX 4100 da A2000 duk gajeru ne, sai dai A2000 yana cin gurbi biyu, ka auna wurin kafin ka saya. Ka kuma tabbata an ba ka gajeren ƙarfen baya, domin da yawa da dogon suke zuwa, kuma neman gajeren daga baya wahala ce. Kada ka manta katunan wasa su ma suna da gajeru marasa waya: GTX 1650, RX 6400, da RTX 3050 mai 6 GB da ya fito a 2024. In ka same su a kusan farashi ɗaya, ka gwada su tare. RX 6400 dai yana rasa ƙarfi a tsoffin injuna masu PCIe 3.0, domin layi huɗu kawai yake amfani da su.

Manyan injunan kuwa, ka karanta takardar da ke jikin alimantasiyo. Z440 yana zuwa da mai wat 525 ko 700, T5810 da 425 ko 685. In babban ne kuma da wayarsa, ba abin da ya tilasta maka katin aiki. Sa katin wasa, yawanci zai fi araha a kan ƙarfin da zai ba ka.

Ban yarda a haɗa kati mai cin wuta da irin wayar nan da ke juya mahaɗin SATA zuwa baki 6 ba. Ba a yi mahaɗin don ɗaukar wannan nauyi ba, yana iya narkewa.

Sai maganar wutar gari. Wanda ke wasa a kan batir da faranti mai hasken rana, ko mai gidan wasa da ke kunna janareta in an ɗauke wuta, kowane wat kuɗi ne a wurinsa. Ɗauki inji shida da ke aiki awa goma a rana. Tsakanin A2000 mai wat 70 da RTX 3060 mai wat 170 akwai wat 100. In duk suna aiki da ƙarfinsu, kilowat-awa 6 ke nan a rana, 180 a wata. RTX 3060 ya fi sauri, babu musu, amma in FC a 1080p ne yaran ke bugawa a talabijin da ba ya nuna fiye da hoto 60 a daƙiƙa, wannan ƙarin saurin ba wanda zai gan shi. Ɗakin ma zai fi sanyi, kuma duk wanda ya zauna a gidan wasa a watan Afrilu ya san darajar hakan.

Gwaji a gaban mai kaya

Kada ka biya sai an soka katin an kunna. Mai kayan kirki ba zai hana ka ba. Ka tafi da ƴar kile ɗinka ta USB ɗauke da manhajojin gwaji GPU-Z, MSI Afterburner da Unigine Heaven ko Superposition, duk kyauta ne, tare da direban katin da ka riga ka sauke daga shafin Nvidia ko AMD, don kada ka tsaya jiran intanet ɗin shago.

Buɗe GPU-Z da farko. Duba sunan zuciya, yawan ƙwayoyi, irin memori da faɗinsa, ka gwada da abin da ka karanta. Akwai tsoffin katuna da ake sauya wa suna a ciki su riƙa nuna wani abu daban, kuma GPU-Z yakan yi wa irinsu alamar jabu a gaban sunan. Daga nan ka kunna Heaven ya yi ta juyawa minti 20 zuwa 30. Minti biyar ba ya nuna komai, domin kati mai ciwo sai ya yi zafi yake fallasa kansa. Idonka a kan abu uku: zafi, gudun zuciya, da hoton kansa. In zafin ya haura digiri 85 kuma gudun yana ta sauka, katin yana ja da baya ne don ya tsira. In ka ga ɗigo-ɗigo masu launi, ko layuka, ko allon ya yi baƙi ya dawo, mayar masa da kayansa, ko nawa ya rage. Sa kunne kuma ga fanka. Ƙarar iska ba laifi, amma ƙarar gurzawa alama ce ta kusa mutuwa, kuma fankar waɗannan katuna ba a samunta a ko'ina.

Gwada kowane rami na baya ɗaya bayan ɗaya. Ka sani kuma yawancin katunan aiki ba su da HDMI. P2000 DisplayPort huɗu gare shi, P1000 da A2000 kuma ƙananan DisplayPort huɗu. In talabijin za ka haɗa, kana buƙatar ƴar wayar da ke juyawa zuwa HDMI, in kuma tsohon allo ne mai VGA, sai mai juyawa na musamman mai ɗan inji a ciki. Sa kuɗinta cikin ciniki, ko ka ce a haɗa maka.

In kati biyu kake gwadawa, to a inji ɗaya, wasa ɗaya, saiti ɗaya, wuri ɗaya cikin wasan. GTA V yana da gwajinsa a ciki, wannan ya sauƙaƙa. Afterburner zai nuna maka matsakaicin hotuna a daƙiƙa, amma ka kunna masa ya nuna har mafi ƙanƙanta na kashi 1 cikin 100. Wasan da ke ba da 70 yana faɗowa 25 lokaci-lokaci ya fi ɓata rai a kan wanda ya tsaya a 55. In ka ga katin bai kai kashi 90 na aikinsa ba amma wasan yana tsinkewa, laifin ba nasa ba ne. Duba furosesa, ko RAM in 8 GB ne a sanda ɗaya, ko tsohon faifai mai juyawa. Sau da yawa ƙara RAM zuwa 16 GB da sa SSD ya fi sauya kati amfani.

Wani abin lura: tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik a Satumban 2022, katunan da suka yi wannan aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. RX 580 ya fi yawa a ciki, amma A2000 da A4000 ma an yi haƙa da su sosai saboda ƙarancin cin wutarsu. Tsoffin P1000 da P2000 da aka ciro daga injin ofis galibi sun fi samun hutu a rayuwarsu.

Lissafin kuɗi

Yanzu ka haɗa duk abin da za ka kashe kafin wasa ya tashi: kati, wayar juyawa, sabon alimantasiyo in ana buƙata, har kuɗin mai haɗawa. Raba jimlar da hotunan da ka gani a gwaji. Lambobin da zan kawo misali ne kawai, domin farashi na sauyawa da kowace kwantena. A ce an yi maka P2000 jika 60, waya jika 3, ya ba ka hoto 60. Kowane hoto ya tashi sefa 1050. A ce GTX 1060 ma jika 60 ne, ya ba ka 75. In injinka na da wayar wuta mai baki 6, kowane hoto sefa 800, ka ɗauki 1060 ba tare da dogon tunani ba. In kuwa sai ka sayi alimantasiyo na jika 25, ya koma sefa 1133, P2000 ya wuce gaba. In alimantasiyon ma ba ya sauyuwa, zance ya ƙare.

Don ka san ko ana tsawwala maka, duba farashin na hannu a shafukan Turai. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ba ya motsi, sai ka ƙara kuɗin hanya da ribar mai kaya. Sabon katin aiki kuwa, kada ka saye shi don wasa kaɗai. A2000 ya fito a dalar Amurka 450, alhali RTX 3060 da ya fi shi sauri an sa masa 329.

Lissafin yana sauyawa in katin zai yi maka aiki biyu. Ɗalibin gine-gine ko injiniya, ko mai haɗa bidiyon biki, da rana yana SolidWorks ko Premiere, da dare yana wasa. Shi direban aikin da yawan memorin suna da amfani a gare shi, kuma P4000 ko A4000 na hannu sun cancanci ƙarin kuɗin.

Bayan ka kawo shi gida

Sa direban da aka yi wa katin daga shafin kamfani, wasanni suna tashi da shi lafiya, illa dai gyaran da ake yi wa sabbin wasanni yakan iso shi a makare. In A2000 ne ko A4000, shiga saitin Nvidia ka kashe ECC in a kunne yake. Kariya ce ga masu lissafin kimiyya, a wasa kuwa memori da ɗan sauri kawai take ci. Katunan RTX suna da DLSS, dabarar da ke ƙara wa wasa sauri, ka kunna shi. Masu P da T da na AMD su nemi makamancinsa FSR a cikin wasan, shi kusan kowane kati yana ɗauka.

Yawancin katunan nan siraran gurbi ɗaya ne masu fanka guda da ke hura iska ta cikin ƙananan ramuka. An tsara su don ofis mai sanyi, ba don ɗakin da ke kai digiri 40 ba. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan cikin ƴan makonni. Ka ɗaga injin daga ƙasa, ka riƙa hure shi da iska kana riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa. Katin 2017 man da ke tsakanin zuciyarsa da ƙarfen sanyaya ya riga ya bushe. A goge shi da alkol, a sa sabo kamar ƙwayar gero biyu. In ba ka taɓa buɗe kati ba, kai wa mai gyara, domin ƴar wayar fanka saurin tsinkewa gare ta. A Afterburner kuma ka ɗaga gudun fanka ya fara aiki da wuri, ka kuma ɗaure wasan a hoto 60 in allonka bai wuce haka ba, zafin zai sauka sosai.